Wa zai biya kuɗin sababbin manyan layukan wuta?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi matsayina tun farko don kada a yi ta kewaye-kewaye: wannan rububin kafa sababbin manyan layukan dakon wuta da ake yi a ƙasashe da dama ya fi ƙarfin aljihun mai biyan kuɗin wuta, kuma ya kamata a taka masa birki. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a rahotonta na 2023 sai an kafa ko an sabunta layuka masu tsawon kilomita miliyan 80 kafin 2040, wato kwatankwacin duk abin da duniya take da shi yanzu. Ta kuma ce kuɗin da ake zubawa duk shekara sai ya ninka, ya haura dala biliyan 600 kafin 2030. Kuɗin nan ba daga sama zai faɗo ba. A takardar kuɗin wutar magidanci da mai ƙaramar sana'a zai ƙare.

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Gyara ɗaya tukuna: wannan miliyan 80 ɗin ya haɗa da ƙananan wayoyin da ke raba wuta cikin unguwanni, su ne ma mafi yawa. Amma ban musa maka tsadar ba. Abin da na musa shi ne zaton cewa in an fasa ginin an huta da biya. A Birtaniya iska mai ƙarfi da ke juya injinan samar da wuta tana arewa, a Sikotlan, masu shan wutar kuma sun fi yawa a kudu. Ranar da iska ta kaɗa sosai layin da ke tsakani ba ya iya ɗauke wutar duka, sai a biya masu injinan iska su kashe, a sake biyan tashoshin gas na kudu su kunna. A 2024 abin da aka kashe ta wannan hanya ya haura fam biliyan 1, kuma kan masu biyan kuɗin wuta ya faɗa. An biya, ba a sami ko turke ɗaya ba.

Kenya ma ta ɗanɗana. An gama tashar iska ta tafkin Turkana mai megawat 310 a 2017, amma layin sama da kilomita 400 da zai kai wutar zuwa garin Suswa bai kammala ba sai 2018. Injina na tsaye, ƙasa na biyan diyyar wutar da ba wanda ya sha. Kamar ka noma gona ce ta yi albarka, babu hanyar fito da amfanin.

Malam Habu: Injiniya, na ji. To amma me ya sa farashin da ake faɗa wa mutane ranar neman amincewa ba shi ne ake biya ranar gamawa ba? Dubi HumeLink a Ostireliya, layin kusan kilomita 365 a jihar New South Wales. An ce dalar ƙasar biliyan 3.3, kafin a ankara ya koma kusan biliyan 4.9. Wa aka tambaya kafin a yarda da ƙarin? Da an faɗi gaskiyar farashin tun farko, wataƙila da lissafin ribarsa bai fita ba.

Injiniya Rabi: Wani ɓangare na ƙarin gaskiya ne, Malam. Duniya ce gaba ɗaya take layi a ƙofar masana'antu 'yan kaɗan. IEA ta ce a rahotonta na 2025, daga 2019 farashin kebul ya kusa ninkawa, na manyan taransfoma ya tashi da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma babbar taransfoma sai ka jira har shekara 4 kafin ta iso. Tagulla da alminiyam da ƙarfe duk sun hau. Wanda ya jinkirta, da tsada zai saya.

Malam Isiyaku: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren lissafi, don a nan nake ganin ƙullin yake, kuma ba a cika faɗa wa jama'a ba. Kamfanin dakon wuta ba shi da abokin gasa. Ba wanda zai kafa layi biyu gefe da gefe don ka zaɓa. Saboda haka a ƙasashe da yawa hukuma ce take yanke masa riba, kuma ribar wani kaso ne na jarin da ya kafa. Ya gina abin biliyan 3, ya ci riba a kan biliyan 3. Ya gina na biliyan 5, in hukuma ta amince, ya ci a kan biliyan 5, shekara da shekaru, domin irin wannan kadara akan raba kuɗinta a kan shekara 40 ko fiye. Ban ce kowane kamfani da gangan yake kumbura farashi ba. Na ce tsarin ba ya sa shi jin zafin tsada yadda mai biya yake ji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda zai kwashi ribar shekara 40, shi ya kamata ya ɗauki babban kaso na abin da ya haura ƙiyasinsa. Damuwar Malam Habu tana da tushe, sai dai birkin ba a kan layin ya kamata a taka shi ba, a kan yadda ake amincewa da ƙarin kuɗi ne.

Alhaji Ɗanjuma: Duk kuna maganar takarda. Ni maganar ƙasa nake yi. Wanda aka dasa wa turken ƙarfe mai tsawon bene goma a tsakiyar gona, an hana shi gini a ƙarƙashi, an hana shi barin itace ya girma, babbar mota ta tattake masa ƙasa lokacin aiki, shi fa? Sau da yawa wutar ma wuce shi take yi zuwa birni mai nisa. Me zai hana a binne wayar kowa ya huta?

Injiniya Rabi: Ranka ya daɗe, Jamus ta gwada hakan. Mutane sun yi ta zanga-zangar ƙin turaku, sai a 2015 aka yi doka cewa manyan layuka irin SuedLink a fifita binne su. Layi ne na kusan kilomita 700, daga arewa mai iska zuwa kudu mai masana'antu. Da farko 2022 aka sa ran gamawa, daga baya aka koma maganar 2028, kuɗin kuma ya kai wajen yuro biliyan 10. Binnewa takan ninka kuɗi sau da dama. Kuma ba wai manomi ya tsira ba ne: sai an haƙe doguwar kwari mai faɗi a gonarsa, kebul ɗin yana fitar da zafi a ƙarƙashin ƙasa, in ya lalace kuma gano wurin da gyara shi ya fi na sama daɗewa nesa ba kusa ba.

Alhaji Ɗanjuma: To in ba za a binne ba, a biya mai ƙasa biya na mutunci, ba a ba shi sau ɗaya a manta da shi ba.

Malam Isiyaku: Wasu sun fara, Alhaji. New South Wales tana ba mai ƙasa dalarsu 200,000 a kan kowace kilomita, a rarrabe cikin shekara 20, ban da diyyar da aka saba. Birtaniya ta sanar a 2025 cewa gidajen da ke cikin mita 500 daga sababbin turaku za a rage musu har fam 250 a shekara na tsawon shekara 10. In aka auna da kuɗin jinkirin shari'a da rigima, wannan araha ne.

Malam Habu: Shi ma ai daga aljihun sauran masu biya zai fito.

Zainabu: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni abin da ban gane ba, tunda farantan sola da batir kullum sauka suke yi, me ya sa za a ɗaure mutane da bashin shekara 40? In masu hali suka sa sola a rufinsu suka rage sayen wuta, kuɗin layin nan bai ragu ba, sai a raba shi kan waɗanda suka rage, wato masu haya da marasa ƙarfi. Wannan ne yake tsorata ni.

Injiniya Rabi: Zainabu, kin taɓo inda yake da ciwo, kuma ya kamata masu yanke farashi su amsa miki. Sola a rufi tana rage nauyi, amma ba za ta riƙe masana'antar narka ƙarfe ko jirgin ƙasa ko babban asibiti ba, balle a ƙasashen da ake yin makonni rana ba ta leƙo sosai. Inda na yarda da ke da Malam Habu shi ne ba kowane sabon layi ne dole ba. Akwai wayoyin zamani da za a ɗaura a kan tsofaffin turaku su ɗauki kusan ninkin wutar da ta dā take ɗauka, ba sabuwar ƙasa, ba sabuwar rigima. Akwai na'urorin da ke auna zafin waya, domin ranar sanyi da iska waya tana iya ɗaukar fiye da abin da aka rubuta mata. Kafin a amince da sabon layi, a tilasta wa kamfani ya nuna a fili cewa ya gwada waɗannan ba su isa ba.

Malam Habu: Ga shi kin faɗa da bakinki, akwai mai araha. To me ya sa ba a fara da shi?

Malam Isiyaku: Saboda mai arahar ribarsa kaɗan ce ga wanda ribarsa ke bin girman jari. Wannan ma ya dawo kan hukumar da ke yanke farashi.

Malam Habu: To ni har yanzu ina nan kan bakana, sai dai in sa sharaɗi. Duk layin da kuɗinsa ya haura ƙiyasin farko da yawa, a dakatar da shi, a sake lissafin amfaninsa a bainar jama'a, da wakilin masu biyan kuɗin wuta zaune a wurin. In ya ci jarrabawar a ci gaba.

Injiniya Rabi: Sake lissafi na yarda, Malam, matuƙar an sa masa wa'adi na watanni. Amma dakatar da aikin da aka riga aka yi odar taransfomarsa, ka san layin masu jira za a koma daga baya, wata shekara 4 ɗin. A takardar wa za a rubuta wannan?