Bayan zuwan jariri, ya kuka yi da bambancin hali tsakaninku da abokan zama?

Mai ɗan fari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona watansa biyu. Ni mai son komai a kan tsari ce, maigidana kuwa irin mutanen nan ne masu cewa "bari kawai, zai daidaita". Da can wannan sanyin halin nasa ne ya ja ni gare shi, yanzu kuma shi ke ƙona min rai. Yaro na kuka jikina na rawa, shi ko a jikinsa. Don Allah waɗanda suka bi ta nan, ya kuka yi?

Uwar uku: Wa alaikumus salam ƙanwata. Nawa laifin zan faɗa miki. Lokacin 'yarmu ta fari, duk abin da babanta ya taɓa sai na gyara. Ya saka mata riga in cire in sake, ya ɗauke ta in ce ka tallafi wuyan, alhali tafin hannunsa na ƙarƙashin ƙeyarta. Wani dare na shigo na same shi tsaye a kanta, hannuwansa a baya, tana ta tsala kuka. Na ce me ya hana ka ɗauke ta? Ya ce, "Ai ko na ɗauka karɓewa za ki yi." Wallahi har yau maganar nan na raina. Ni na koya masa ja da baya, kuma ni ce ke ƙorafin ba ya taimakona.

Daga nan na raba abubuwa biyu. Mai haɗari ba sassauci: a kwantar da ita a rigingine in za ta yi barci, kuma ko kukan ya kai ina ba a girgiza ta da ƙarfi. Sauran kuwa, in ba irin yadda nake yi ba ne, na koyi kama bakina. Da ƙyar, amma na koya.

Uban 'yan mata: Hajiya, ki bar ni in yi magana a madadinmu. Shirun namiji ba kullum ne rashin damuwa ba. Nawa tsoro ne. Ina ganin ɗan mitsitsin jikin nan sai hannuna ya mutu. Jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a awa 24, wannan ba abin da zan iya a kai, sai na ɗauki abin da ke biyo baya: da ta gama shayarwa in karɓa, in ɗora a kafaɗa har ta yi gyatsa, uwar ta samu ta runtsa. Da wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mana kukan jarirai yakan fi tsanani wajen mako 6, ya lafa zuwa wata 3 ko 4, sai muka daina ɗora wa juna laifinsa. Mun kuma yi alkawari, ba a tayar da maganar saɓani cikin dare.

Uwar tagwaye: Ƙanwata, ki kula, ba komai ne hali ba. Nawa an yi ta cewa mita ce da zafin rai, ashe ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce cikin mako 2. In ya zarce, ko kin daina jin daɗin komai, ki ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 13 cikin 100 na sababbin masu haihuwa na fama da irin wannan. Mijina ne ya fara lura, don shi mai sa ido ne, halin da a da nake kira takura.

Mai ɗan fari: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya Uwar uku, kamar kina cikin ɗakina. Jiya da yaron ya fara sai na miƙa wa babansa na fita falo, ina jin kukan ina danne zuciyata. Can sai na ji shiru. Da na leƙa, ya kwantar da shi a ƙirjinsa yana zagaya ɗakin a hankali, maɓallan rigar yaron duk a karkace. Ban gyara ba.