Neman kalma: me za mu kira izinin da likitan gashi (gashin ƙashi, wato physiotherapist) ke aiki da shi a wata jihar Amurka?

Masu fassara labaran lafiya sukan ci karo da kalmomin "compact privilege", kuma da yawa suna mayar da su "lasisin jihohi da yawa". A ganina wannan fassara tana ɓatar da mai karatu, domin abin da ake nufi ba lasisi ba ne.

A Najeriya hukuma ɗaya ce ta tarayya take yi wa likitocin gashi rajista, saboda haka wanda ya samu lasisi yana iya aiki a Kano ko a Legas ba tare da wata sabuwar takarda ba. A Amurka kuwa kowace jiha ke ba da nata lasisin. Likitan gashin da yake yawon kwantiragi, wanda galibi makonni 13 ne a asibiti ɗaya kafin ya ɗaure kayansa, a da sai ya cike takardu ya jira amincewar kowace jiha da zai shiga. Don rage wannan wahala jihohi suka fara sa hannu a wata yarjejeniya (ita ce "compact" ɗin) a 2016, aka kafa hukumarta a 2017 bayan jiha ta 10 ta shiga, aka fara bayar da izinin a 2018.

Yadda tsarin yake aiki shi ne zai nuna mana kalmar. Likita yana riƙe da cikakken lasisi a jihar da yake zaune, kuma yakan tabbatar da zamansa da lasisin tuƙi. Idan ya samu aiki a wata jiha da ke cikin yarjejeniyar, sai ya shiga intanet ya biya kuɗin hukumar da na jihar, ya ci jarrabawar dokokin aikin jihar idan tana buƙata, a ba shi izini. Kowace jiha da nata izinin, kuma sai an tabbatar ba a hukunta shi kan aikinsa ba cikin shekara 2 da suka wuce. Ranar da lasisinsa na gida ya ƙare, izinin ma ya ƙare. Ma'aikatan jinya ne suke da lasisi guda mai aiki a jihohi da yawa, a ƙarƙashin tasu yarjejeniyar da ta fara aiki a 2000, don haka ya kamata a bar musu waccan fassarar.

Don fassara "privilege", an kawo shawarar "alfarma" da "gata". Duka biyun ban gamsu da su ba, saboda a kunnen Bahaushe alfarma abu ne da babba yake yi wa wanda ya ga dama, alhali wannan izini duk wanda ya cika sharuɗɗa ya biya kuɗi zai samu. "Izinin ƙetare" kuma zai sa a ɗauka ƙasar waje ake nufi.

"Lasisin ci-rani" ya fi su armashi, domin ɗan ci-rani yana barin gida na ɗan lokaci ya yi aiki ya dawo. Matsalarsa ita ce ya taƙaita abin ga matafiya, bayan kuwa likitan da yake zaune a bakin iyaka, ko mai duba marar lafiya ta bidiyo daga ɗakinsa, shi ma da wannan izini yake aiki. Sai dai "aikin ci-rani" ya dace da yawon kwantiragin kansa.

Abin da nake ba da shawara shi ne "izinin baƙunci". Baƙo yana da gidansa, yana bin dokar masu masaukinsa, kuma suna iya sallamarsa idan ya saɓa, kamar yadda jihar da ta ba da izinin take iya janye shi. Yarjejeniyar sai mu kira ta "yarjejeniyar jihohi kan aikin gashi", jihar lasisi kuma "jihar zama", ba "jihar asali" ba, tunda ba a tambayar inda aka haifi mutum. A cikin labari za a rubuta: likitar ta riƙe lasisinta na jihar Tenesi, ta sayi izinin baƙunci na jihar Mizuri.