Neman shawara kan tafiya Istanbul daga Legas tare da mahaifiya mai ciwon gwiwa

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin kai mahaifiyata da uwargidana Istanbul bayan Sallah, kuma biza ta riga ta fito, don haka ba a kanta nake tambaya ba. Hajiya mahaifiyata ta manyanta, tana fama da ciwon gwiwa, kuma burinta shi ne ta yi salla a manyan masallatan birnin, ta kuma ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, ita kuwa uwargida hankalinta yana kan kasuwa. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su gaya mini ko jirgin da ke zuwa kai tsaye ya cancanci ƙarin kuɗinsa, wace unguwa ta fi dacewa mu sauka, da yadda za mu yi zirga-zirga ba tare da an gajiyar da dattijuwa ba.

Alhajin Idi-Araba ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maka da alherin wannan hidima. Tun da da Hajiya za ka tafi, ka biya ƙarin kuɗin. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed ya sauka Istanbul cikin kimanin awa 7, alhali wanda zai bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, ko da tikitinsa ya fi araha, zai zaunar da ku jira a wani filin, ga doguwar tafiyar ƙafa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Idan kuma ka zaɓi mai yada zango, ka duba tikitin da kyau, domin filayen jirgin Istanbul biyu ne: babban da aka buɗe a 2018 yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen kuma yana ɓangaren Asiya. Ka nemi keken guragu tun ranar da ka sayi tikiti, kada ka bari sai ranar tashi, ka kuma haɗa katin rigakafin shawara da fasfo wuri guda. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Kusancin Agege da Ikeja, inda filin jirgin yake, kada ya ruɗe ka, ka san halin cunkoson Legas da yamma.

Hajiyar Obalende ta amsa:

Alhaji ya gama magana kan jirgi, ni kan masauki zan tsaya, domin a nan ne tafiyar za ta yi daɗi ko ta yi wuya. Ɗana, ka kama otal ɗin da ke kusa da layin taragon T1, tsakanin Sultanahmet da Laleli. Wannan layi shi kaɗai ya ratsa gaban manyan masallatai, ya bi ta Beyazit inda babbar rufaffiyar kasuwa take, ya wuce Laleli da Aksaray inda 'yan kasuwarmu ke sarin tufafi, ta ɗaya gefen kuma ya gangara Eminonu bakin ruwa. Da kati ɗaya mai suna Istanbulkart ake shiga tarago da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa, kuma ana zuba masa kuɗi a na'urorin da ke tashoshi.

Sai dai kusanci a taswira ba shi ne sauƙi ba, saboda tsohon birnin a kan tuddai yake, titunansa da yawa shimfiɗar duwatsu ce, ga hawa da gangara. Kafin ka biya, ka tambayi otal ɗin ko akwai lif, da kuma ko hanyar da ke tsakaninsa da tasha a miƙe take. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa na M11 da bas-bas na Havaist, kuma suna da araha, amma ban ga dalilin da mai jakunkuna da dattijuwa zai riƙa canza layi ba. Ka sa otal ya aiko mota, ko ka shiga tasi ka tabbatar direba ya kunna mita.

Malamin Alaba Rago ya amsa:

Ina tare da Hajiyar Obalende, sai dai taragon yana cika maƙil da rana, saboda haka ku riƙa fita da hantsi. Ayasofiya, wadda aka gina a 537 aka kuma sake mayar da ita masallaci a 2020, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, fili ne kawai a tsakaninsu, don haka rana guda ta ishe su. Fadar Topkapi, inda aka ajiye kayayyakin tarihi da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da faɗi ƙwarai, a ware mata ranarta daban, kuma ba a buɗe ta ran Talata. Babbar kasuwa kuwa ran Lahadi take rufe. Masallacin Sulaimaniyya na 1557 ya fi burge ni, amma a kan tudu yake, sai da mota. Idan Hajiya ta gaji, ku hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, tana zaune za ta ga birnin ta ɓangarorinsa biyu.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura maganar kabarin Abu Ayyub, wanda shi ne kan gaba a wurin Hajiya.

Malamin Alaba Rago ya amsa:

Yana unguwar Eyup Sultan, kuma taragon T5 daga Eminonu yana bin gaɓar ruwa har can. Ku guje wa ranar Juma'a da ƙarshen mako saboda turmutsitsi, ku je da safiyar Litinin ko Laraba, Hajiya za ta sami wurin zama a harabar masallacin kafin azahar.