Wane suna za mu ba ƙarfen da ya ƙi huduwa?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman maƙera, masu walda da makanikai su matso kusa. Akwai kalmar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, abin da Turawa ke kira hardened steel. Na ga wasu na rubuta "ƙarfe mai ƙarfi", wasu "ƙarfe mai tauri". Ni dai duka biyun ba su kwanta mini ba, ga kuma dalilina.

Na sayo tsohon sifirin na mota a Ƙofar Ruwa, na yanka, na wasa, na fitar da wuƙar fawa. Saura huda biyu a ƙota, inda ƙusa za ta riƙe katako. Na ɗaure shi a zaure na ɗora dirila. Haƙorin ya yi ta juyawa yana kuka, ba ko ɗan gari da ya fito, sai wani ɗigo mai sheƙi kamar madubi. Na ƙara gudu. Bakin haƙorin ya yi shuɗi, ya dakushe. Na biyu ma haka, na uku ya karye.

Na ɗauki ƙarfen na kai wa wani dattijon maƙeri a unguwarmu. Bai ce komai ba, sai ya goga masa magagari. Magagarin ya zame, ƙi-ƙi-ƙi, bai ci ba. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ai wannan ya sha ruwa. Sai ka kashe ban-ruwan tukuna." Na ce, "Baba, maimaita mini." Ashe kalmar da nake nema tana maƙera tun kaka da kakanni.

To ga shawarata: aikin a ce masa ban-ruwa, ƙarfen kuma a ce ƙarfe mai ban-ruwa, ko a taƙaice shayayyen ƙarfe.

Me ya hana "ƙarfe mai ƙarfi"? Rodin gini yana da ƙarfi, yana ɗauke da bene, amma kowane haƙori na huda shi. "Tauri" ta fi kusa, har ma tana tuna mana 'yan tauri da wuƙa ba ta cinsu. Sai dai tauri siffa ce kawai, ba ta gaya maka yadda aka yi ƙarfen ya zama haka. Ban-ruwa kuwa tana gaya maka cewa wani ne ya yi masa aiki, kuma abin da hannu ya ɗaura hannu na iya kwancewa. Ga mai son huda, wannan shi ne rabin maganin.

Ga abin da ke faruwa. Ƙarfen da ke da isasshen sinadarin kabon, irin na sifirin ko magagari, ana gasa shi ya yi jawur, wajen digiri 800 a ma'aunin salshiyos. Akwai gwaji mai sauƙi: kusan digiri 770 mayen ƙarfe yake daina kama shi. Sai a tsoma shi nan take, kabon ɗin ya rasa lokacin komawa mazauninsa, ya maƙale a ciki, ƙarfen ya ƙame. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ko an tsoma shi ba ya wani sha sosai.

Wani ɗan'uwa mai walda ya yi mini gyara, ya ce sifirin ai a mai ake tsoma shi, ba a ruwa ba, don haka sunan ya yi ƙarya. Malam, na karɓi maganar farko, gaskiyarka, ruwa na iya tsaga irin wannan ƙarfe. Amma a Hausa ruwa ba na rijiya kaɗai ba ne. Muna cewa ruwan batir, ruwan zuma, ruwan dalma. Duk abin da ke kwarara ya shiga ciki.

Sannan ba mu kaɗai muka kalli abin ta wannan fuska ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san Faransawa na cewa acier trempé, wato ƙarfen da aka tsoma. Larabawa ma da kalmar shayarwa suke kiran aikin. Turanci ne ya kama sakamakon ya bar aikin, babu dalilin da zai sa mu bi shi.

Yanzu ku duba yadda sunan ke aiki a bakin mai sana'a. Haƙorin dirila na kasuwa shi ma shayayye ne. A ma'aunin tauri na Rockwell yana wajen 62 zuwa 65, bakin wuƙa mai kyau kuma yana 55 zuwa 62. Kun ga tsara ne, tsara kuwa ba ya cin tsara da sauƙi. Sifirin bai kai haka ba, amma gudun da na ƙara ne ya kashe ni: haƙorin ya yi ta gogawa ba ya yanka, zafi ya kashe masa nasa ban-ruwan, wurin da ya goga kuma ya ƙara ƙamewa.

Hanyar huda shayayyen ƙarfe biyu ce. Ta farko ita ce ta Baba: ya naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa ƙotar kaɗai a gawayi, ya yi zuga har ta yi ja, sai ya binne ta a toka mai ɗumi ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo, haƙori na talaka ya shige, gari na fita a murɗe. Wannan shi ne kashe ban-ruwa, ban ga abin da za a ƙara wa wannan suna ba.

Ta biyu, idan wuta za ta ɓata kayan, sai a nemo haƙorin da ya girme shi. Haƙori mai sinadarin kobalt, kashi 5 ko 8 cikin ɗari, yana jure zafi, yana cin matsakaicin ban-ruwa. In abin ya kai na magagari, sai haƙorin kabaid, wato haɗin ƙarfen tangistin da kabon mai tsananin tauri. Wanda ba shi da shi, haƙorin huda kankare ma bakinsa kabaid ne, a wasa shi da koren dutse. A rage gudu, a danna sosai, a riƙa ɗiga mai, a ɗaure ƙarfen tamau. Kabaid na da tauri amma kamar tangaran yake, hannu ya karkace kaɗan sai ya balle. A sa tabarau, don ɓarɓashinsa na tashi.

A nan nake neman taimakonku. Idan na ce kabaid, mai waldar gas zai miƙo mini farin dutsen da ake jiƙawa ya ba da iska, wanda wasu ke nuna ayaba da shi. Ba su haɗa komai ba sai suna da kabon ɗin da ke cikinsu, wancan na kalsiyam ne, namu na tangistin. Ni na fara cewa haƙorin tangistin. Masu aikin injin a Kano, Kaduna da Jos, me kuke ce masa idan kun aiki yaro ya sayo?