Wane man goge fentin mota kuka haɗa da wane soso, kuma me ya faru?

Mai Baƙar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi injin goge fenti irin mai rawar nan da ake ce wa DA, faifansa milimita 125, yau sati biyu yana cikin kwali ban taɓa shi ba. Motata baƙa ce, ƙirar Jafan, shekararta tara. A inuwa sai ka rantse sabuwa ce, amma da rana ta haske bonet sai ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Na duba mayukan gogewa kaina ya ɗaure: wannan an rubuta masa 400, wancan 3800, soso kuma kala-kala. Ba talla nake nema ba. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya gaya mana me ya haɗa, a kan wane irin fenti, kuma me ya gani, har da ɓarnar in an yi.

Baba Mai Fenti:
Wa'alaikumus salam. Yaro, kafin ka zaɓi mai, ka fara sanin abin da za ka ci. Fentin kamfani gaba ɗayansa, daga firaima, wato shafin farko, zuwa launi zuwa shafin saman nan mai ƙyalli da muke ce wa kiliya, yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar firinta. Gogewa ba cike karce take yi ba, kiliyar da ke gefensa take kankarewa har su yi daidai. Abin da ka kankare kuma ya tafi ke nan.

Ni da kaina na ƙona mota ina da shekara biyu a sana'a. Rotari ne a hannuna, wato injin da ke juyawa kawai ba ya rawa, da faifan ulu, da kwamfawun, man gogewa mai kaushi, ina bin wani karce a kan fenda. Karcen ya kusa ɓacewa, na ce bari in ƙara sau ɗaya. Gefen faifan ya hau layin da fendar ta karye, ko ƙiftawar ido ba a yi ba sai ga toka-tokar firaima, tsawon ɗan yatsa. A kan irin wannan layi da bakin ƙofa fenti ya fi siriri, nauyin injin kuma duk a wuri ɗaya yake taruwa. Maigidana bai ce uffan ba, tef kawai ya miƙo mini. Fendar sai da aka sake fesa ta.

Ka ja farcenka a kan karce. In ya maƙale, rabu da shi, ka dai rage masa kaifi. Sannan ka keɓe wuri kamar santimita 40 a kan 40 a bonet, ka raba da tef, ka fara da mai mafi laushi da soso mafi laushi da kake da su. In bai yi ba ka hau mataki ɗaya.

Ɗan Rotari:
Baba, da girmanka, wannan farawa daga ƙasa ta taɓa cinye mini wuni guda. Wata Bajamushiyar mota aka kawo mini, ruwan toka mai duhu. Na sa man gamawa da farin soso, na bi sau shida, kamar ina shafa wa gilashi mai. Na koma matsakaici, nan ma sai ƙyalli ya ƙaru amma zanen na nan daram. Sai da na ɗauko faifan maikirofaiba (wani yadi mai ƙananan gashi) da kwamfawun ɗin Meguiar's M105 sannan fentin ya san da zuwana, na biyo da man gamawarsu M205 a kan soso mai laushi, ta fito kamar madubi. Yawancin motocin Jamus kiliyarsu tauri gare ta. In na ga irinsu yanzu daga tsakiya nake farawa.

Baba Mai Fenti:
Ɗana, ai gwajin ne ya gaya maka tauri gare ta. Laifinka shi ne ka bi sau shida kafin ka ji maganarsa. Kuma shi mai tambaya baƙar Jafan gare shi, fentinta ya fi laushi, irin haɗinka zai bar masa hazo.

Ɗan Rotari:
Wannan kam haka ne, na sallama. Mai Baƙar Mota, kada ka kwaikwaye ni. Kuma ka gode da ba rotari ka saya ba. Rotari da ulu, in hannu bai ƙware ba, wasu layuka yake bari masu walƙiya suna bin ka duk inda ka juya, a gareji ba ka ganinsu sai an fito rana.

Uwar Biyu:
Ni ba sana'ata ba ce, tawa motar kawai nake yi, shuɗiya mai duhu. Kuskurena na farko soso ɗaya tal na saya. Bonet ya yi kyau, fenda ta yi kyau, ina isa ƙofar baya sai na ga man yana dunƙulewa yana manne wa fenti, tawul ma da ƙyar yake ɗauke shi. Na juya sosan na ga ya toshe, ya yi nauyi, ya yi zafi, tsakiyarsa ta lotsa. Ni kuwa a tunanina mai ne ya yi kaɗan, sai ƙara zubawa nake. Ashe ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake sun isa, kuma bayan kowane yanki ana karkaɗe sosan da burushi. Yanzu huɗu nake ajiyewa na kowane iri, in ɗaya ya ɗau zafi in cire in sa wani.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Na yi amfani da wani mai da aka ce komai da komai yake yi a shafa ɗaya. Na gama, mota ta yi fes, har hoto na ɗauka. Wanki uku kacal zanen ya dawo, ba duka ba amma fiye da rabi. Maiƙon da ke cikin man ne ya kwanta a cikin karcen ya ɓoye shi. Tun daga nan, in na gama yanki sai na fesa sifirit irin wanda ake ce wa IPA da na sirka da ruwa, in goge, in haska da tocilar waya daga gefe. Abin da tocila ta nuna bayan sifirit shi nake yarda da shi.

Injiniya:
Malam, bari in warware maka lambobin da launukan, don su ma sun taɓa rikita ni. A wajen kamfanin Menzerna, ƙaramar lamba ita ce mai ci da yawa: 400 kwamfawun ne, 2500 matsakaici, 3500 da 3800 na gamawa. Koch Chemie kuma akasin haka ne, H9 ya fi F6 ci, F6 ya fi M3. Su 3M da murfi ake gane nasu: kore mai kaushi, rawaya na tsakiya, shuɗi na gamawa. Launin soso kuwa babu wata ƙa'ida da ta haɗa kamfanoni. Shuɗin soson kamfanin Rupes na DA mai kaushi ne, shuɗin 3M na gamawa ne. Na taɓa ɗaukar soso da launi kawai ba tare da na matsa shi da yatsa ba, na ƙare da aikin maimaici.

Akwai kuma bambancin da ba a cika faɗa ba. Wasu mayukan ƙwayoyin cikinsu farfashewa suke yi suna ƙara laushi yayin da kake aiki, don haka dole ka bi su har man ya koma garai-garai kamar maiƙo. In ka tsaya da wuri, hazo za ka bari. Wasu kuma, irin M105 da M205, girman ƙwayarsu ba ya canzawa, kana iya tsayawa da zarar zanen ya tafi. Ni a ganina soso ya fi mai tasiri. Mai ɗaya na matsakaici, da maikirofaiba sai ya yi aikin kwamfawun, da soso mai laushi sai ya kusa zama na gamawa. Da ka tara kwalabe shida, gara kwalba biyu da soso iri uku.

Ƙaramin abu: ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan injin. DA na daina juyawa in ka danne shi ko ka karkata shi a kan lanƙwasa, rawa kawai yake yi ba ya cin komai. Layin zai nuna maka.

Sabon Shiga:
Ni tsoro na sha. Tsohuwar jar motar kawuna na gwada a kai, daƙiƙa goma sosan ya koma ja zur. Na kashe inji ina salati, na ɗauka na huda fenti. Kawu ya zo ya duba ya yi ta dariya, ya ce irin fentin da ne, ba shi da kiliya, launin ne a sama. Launin da rana ta kashe ne yake fita. Sai dai soso uku na wanke a bonet kaɗai.

Mai Baƙar Mota:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na yi gwajin. Na wanke mota, na bi ta da yumɓun cire datti har tafin hannu ya daina jin kaushi, na shigar da ita inuwa, na rufe robobi da tef. Na fara da man gamawa a kan soso mai laushi, gudun inji a kan 4, na bi sau huɗu a hankali, biyu a tsaye biyu a kwance. Bayan sifirit, ƙananan zanen sun tafi, manyan suna nan. Na bar man yadda yake na canza soso zuwa matsakaici kamar yadda Injiniya ya ce, sai ga kusan duka sun tafi, saura karce biyu da farce ke maƙalewa a cikinsu. Baba, na bar su. Kwamfawun ɗin da na saya ko murfinsa ban buɗe ba.

Matsala ɗaya: da na goge da tawul, sai na ga wasu siraran layuka sababbi, miƙaƙƙu, daidai inda hannuna ya bi.

Uwar Biyu:
Tawul ɗinka ne, Malam. Fenti mai laushi haka yake. Nemo maikirofaiba mai dogon gashi marar ɗinki a baki, ka cire ɗan ƙyallen sunan kamfani da aka ɗinka masa, ka ninka shi huɗu, kada ka danna.

Baba Mai Fenti:
Kuma duk tawul ɗin da ya taɓa ƙasa, ko sau ɗaya ne, ka mayar da shi na goge taya. Kafin ka hau rufi ka duba ko an taɓa sake fesa shi, don fentin gyara ba lallai ya karɓi haɗin da bonet ya karɓa ba. Ka sake gwaji a can.