Ƙwan fitilar zenon: 4300, 6000 ko 8000, wanne kuka gwada a titin Legas?

Ɗan Agege:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu mota mai fitilar zenon shawara nake nema. Lexus ES350 ce tokunbo, ƙwan gefen direba ya koma ruwan hoda, wani lokacin ma ɗaukewa yake sai na kashe na sake kunnawa sannan ya dawo. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo mai shago ya dire min kwali uku, 4300K da 6000K da 8000K, yaronsa na ta cewa oga ɗauki 8000 shi ya fi ƙarfi ba ka ga lambarsa ta fi yawa ba. Ni dai shuɗin nan yana burge ni gaskiya, amma harkar shanu nake yi, yawanci da asuba ko bayan isha nake bin Berger zuwa Kara, wani lokacin har Sagamu. Wanda ya taɓa sawa ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Direban Ikoyi:
Wslm. Malam kar ka soma. Ni motar gidan da nake aiki ɗan maigidan ne ya kai aka sa mata 8000, in tana fake a bakin get ka kunna wallahi sai ka tsaya kallo, har masu gadi sai da suka yaba. To ranar da na ɗauko Hajiya daga filin jirgi wajen sha ɗayan dare, muna hawa Third Mainland ruwa ya tsuge irin na watan Yuni, fitila a kunne amma na rantse sai da na leƙa dashbod in tabbatar ba ta mutu ba, farin layin titi ba na ganinsa sai na zo kansa, kwalta baƙi ƙirin ta shanye hasken gaba ɗaya, ƙarshe jan fitilar bayan wata danfo na riƙa bi a hankali har muka sauka Adeniji. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, ban taɓa jin tsawonta ba kamar ranar. Hajiya da kanta ta ce a mayar da na asali. Yanzu 4300 ne a ciki, ruwa ko ba ruwa ina ganin rami tun daga nesa.

Sarkin Gayu Obalende:
Haba dai, kun cika tsoratarwa. 8000 na yarda ya yi yawa amma 6000 lafiya lau ne, shi ne a Camry na tun bara. Ni yawona Obalende, VI, Lekki, wani lokacin Surulere, duk akwai fitilar titi ko hasken shaguna. 4300 ɗin nan fa in ka jera da sababbin motoci masu LED sai ka ga taka ta yi ja ta tsufa. Kowa da abin da ya sayi mota dominsa.

Rewaya Idi-Araba:
Ɗan Agege ni aikina ke nan, bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Lambar nan mai K a kan kwali launi take nunawa, ba ruwanta da ƙarfi. Ƙwan halojin na gargajiya wajen 3200K yake shi ya sa yake ja-ja, 4300 fari ne mai ɗan ratsin rawaya kuma kusan shi ne kamfanonin mota ke sawa daga fakitori, 5000 fari tas, 6000 ya fara shuɗi, 8000 shuɗi sosai, daga 10000 zuwa sama kuma an shiga shunayya, wannan sai motar ango. Ƙarfin haske da lumen ake aunawa. Ƙwan zenon na asali mai wat 35 yana ba da lumen wajen 3200, halojin H7 mai wat 55 kuwa wajen 1500, ka ga ya ninka shi. To don a samu shuɗin nan sai an sauya haɗin sinadarin da ke cikin ƙwan, kuma duk hawan da ka yi sama da 5000 hasken da zai amfane ka raguwa yake. Wanda ke tahowa zai ga fitilarka tana walƙiya ya zata ƙarfi ne, kai da ke ciki kai ne ka san abin da ke ƙasa.

Abin da direban Ikoyi ya gani kuma, jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta dawo maka da haske, gaba take cilla shi, to dama ɗan kaɗan ne ke dawowa idonka, ka zo kuma ka rage shi da kanka.

Sai maganar motarka. Kafin ka kashe kuɗi a sauya ƙwayayen, na dama ya koma hagu. In matsalar ta bi ƙwan to ƙwai ne, in ta tsaya a gefen direba to balas ɗinka, wato ɗan akwatin da ke ba ƙwan wuta, shi ne ya fara gajiya. Amma ruwan hodar nan da ka faɗa alamar tsufan ƙwai ce. Ka duba gindinsa, taka D4S za ka gani a rubuce, wato nau'in ƙwan ke nan. Kar wani ya ce maka D2S ma zai shiga in an ɗan goge bakinsa da fayel, D2S bolt 85 yake aiki da shi D4S kuma 42, balas ɗinsu ba ɗaya ba. Kuma biyu za ka saya tare, in ka canza ɗaya launinsu ba zai zo daidai ba, tsohon ma ba zai daɗe ba zai bi ɗan'uwansa. In ana aikin a kashe fitila a zare makulli, lokacin tashi balas na harba sama da bolt 20,000, ba abin wasa ba ne, kuma kar a taɓa gilashin ƙwan da hannu.

Mai Daf Mile 12:
Ni ba ni da zenon amma ni ake haskawa, don haka ina da ta cewa. Tumatir da albasa nake saukowa da su daga Arewa, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ogbomoso har nan, yawancin tafiyar dare ce. Masu shuɗiyar fitilar nan ku ji tsoron Allah. In ɗayanku ya ɓullo daga kwana kamar mai walda ne ya kunna a gaban fuskarka, bayan ya wuce ma sai ka yi 'yan daƙiƙu kana ganin ɗigo-ɗigo, kai kuma ga lodi a bayanka ga mai Keke ba fitilar baya a gefen hanya. Ka yi masa sigina ya rage sai ya ƙara maka doguwar don ya nuna maka wai ai gajeriyar ce a kunne. Mu a hazon hunturu rawayar fitila ta ƙasa muke kunnawa, mai 3000 ɗin nan, don farar in ta daki ƙura dawo maka take a ido.

Rewaya Idi-Araba:
Mai Daf yawancin masu kashe maka ido ba ma launin ne babbar matsalarsu ba. Motarsu ta halojin ce, gidan fitilar mai kwano ne ba furojekta ba, wato mai ƙwallon gilashin nan da ke tattara haske, sai a sayo kit a cusa zenon a ciki. Kwanon an ƙera shi ne daidai da inda zaren halojin yake, da ka sa wani ƙwai hasken sai ya watse sama da gefe, ya haska allon talla da saman bishiya ya bar titi. Sarkin Gayu, Camry ɗinka da zenon ta zo ko sawa aka yi?

Sarkin Gayu Obalende:
Sawa aka yi oga. Amma furojekta ce da ita, kuma an saita min a bango. Ba wanda ya taɓa min filashin.

Maman Ilham Ikorodu:
Sannunku. Ni asibiti nake aiki, in na yi dutin yamma sai wajen goma nake kama hanyar Ikorodu, kuma tabarau nake sawa. Motar da 6000 na same ta, allunan hanya masu sheƙi suna dukan idona sosai har kaina ya riƙa ciwo, kuma daga Mile 12 zuwa Majidun in an yi ruwa ba na bambance rami da kwalta. Baban Ilham ya sa aka canza zuwa 5000, na ji sauƙi, kuma har yanzu fara ce tas ba ta yi jan da Sarkin Gayu ke gudu ba. Wani abu kuma da ba wanda ya ambata, gilashin fitilar kansa. Nawa ya yi dusu-dusu saboda rana, da aka goge shi aka shafa masa abin kariya bambancin da na gani ya kusa fin na canjin ƙwan ma. Ɗan Agege ka duba naka kafin komai, tokunbo da yawa haka suke zuwa.

Baba Alaba Rago:
Yara ku ji. Ina tuƙi a garin nan tun ana bin hannun hagu, kafin a koma dama a 1972. Faransa har zuwa 1993 rawayar fitila doka ta ce kowace mota ta sa, tsofaffin direbobin da suka yi hanyar Kwatano da Lome sun ga irinsu. Ba na ce ku koma can ba. Amma ido yana tsufa, abin da ɗan shekara 25 zai jure in an haska shi, mu sai mun taka birki. Kuma ku lura da motocin da aka juya wa sitiyari, waɗanda aka yo don Ingila ko Japan, in ba a canza gidan fitilar ba haskenta ta hagu yake ɗagawa, wato daidai idon mai tahowa a hanyarmu. Irin wannan ko wane ƙwai ka sa mata sai ta cuci mutane.

Abba Festac:
Nawa 4300 ne na Osram, abin da zan ƙara kawai jabu ya yi yawa. Na taɓa ganin kwali biyu iri ɗaya sak, kuɗin ɗaya bai kai rabin ɗayan ba, mai arhar da aka kunna ɗaya fari ɗaya kore-kore. A sa maka a wurin a kunna, ka jira kamar minti ɗaya ya gama ɗumi ya zauna a launinsa sannan ka biya, don zenon da shuɗi yake tashi ko wane iri ne, in ka duba a sakan na farko ba za ka gane komai ba. Kuma ka rage yawan kashewa da kunnawa a gosulo, yana rage masa kwana.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. An sauya gefen kamar yadda oga Rewaya ya ce, ruwan hodar ta bi ƙwan zuwa dama, balas lafiyarsa ƙalau alhamdulillah. D4S ne kuwa. Na tsaya tsakanin 4300 da 5000 ɗin Maman Ilham, mai shagon ya ce 5000 na kirki sai Litinin zai shigo. Oga Rewaya in na samo zan iya kawo maka Idi-Araba ka saita min a bango? Gefen fasinja kamar sama yake kallo tun da aka yi min aikin bamba.

Rewaya Idi-Araba:
Kawo bayan magariba, da rana ba a ganin layin hasken. Ka sa a daidaita iskar tayoyinka kafin ka zo, kuma ka sauke buhunan dusar nan daga but, in bayan mota ya zauna duk saitin da na yi sama zai koma.