Ban da kotunan Najeriya, ina za mu kai ƙarar ɓacewar ƙanena?

Assalamu alaikum. Don Allah lauyoyi da masu aikin kare haƙƙin ɗan Adam, ina neman shawararku daga Gombe.

Tun kafin azumin bara wasu mutane ɗauke da bindigogi suka zo da mota marar lamba, suka ɗauke ƙanena daga shagonsa na gyaran waya. Sun ce tambayoyi kawai za su yi masa. Duk ofishin da muka je, sai a buɗe littafi a ce babu sunansa. Lauyanmu ya shigar da ƙara, ana ta ɗage zama. Inna har yau ba ta yarda a taɓa kayan ɗakinsa ba.

Na san Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ɓatar da mutane a 2009, kuma sashe na 30 ya ba dangi damar roƙon kwamitin yarjejeniyar ya sa a nemi mutum cikin gaggawa. Akwai kuma rukunin ƙwararru na Majalisar kan ɓatar da mutane da aka kafa a 1980, shi ma yana karɓar koke daga iyali. A nan na tsaya cak: in muka kai wa ɗaya, ƙofar ɗayan ta rufe ke nan? Ko Kotun ECOWAS da ke Abuja ta fi, tunda ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida?

Abin da ya fi tsorata mu shi ne, koken zai isa hannun gwamnati. Wace kariya mai ƙara yake da ita? Wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya faɗa mana takardun da ake buƙata da inda za mu fara.